Yadda Ake Karanta Tab na Jita a Waya: Ma'anar Layuka, Lambobi da Alamomi

Ɗalibi a Samaru ya tara kuɗi na wata da watanni, ya hau mota zuwa Sabon Gari, ya sayo jita 'yar gwanjo. Ya dawo ɗaki da murna, ya buɗe waya, ya nemi yadda ake kaɗa waƙar da yake so. Maimakon bayani sai ya ga layuka shida a jere, an cika su da lambobi, da 'yan haruffa irin su h da p da b, da wasu karkatattun zane. Ya gwada sau biyu sau uku, abin da ya fito bai yi kama da waƙar ba ko kaɗan. Kafin ƙarshen zangon karatu jita ta koma bayan ƙofa tana shan ƙura.

Wannan rubutu mai layuka shida shi ake kira tablaca, a taƙaice tab. Ba shi da wuyar da ake zato, domin alamominsa na yau da kullum ba su wuce goma sha biyar ba. Amma akwai abu guda da ya kamata mai koyo ya riƙe tun farko: tab yana nuna inda za a ɗora yatsa da abin da yatsan zai yi, amma mafi yawan tab na kyauta ba ya nuna tsawon lokacin da kowane sauti zai ɗauka. Wannan aikin kunne ne. Hausawa kan ce gani ya kori ji, amma a karatun tab gani bai kori ji ba. Sa'ar da matashin yau ya yi ita ce waya ɗaya za ta nuna masa rubutun, ta kuma jiyar da shi kiɗan.

Daga ina tab ya samo asali?

Tab ya girmi intanet da ɗaruruwan shekaru. A Turai an yi amfani da shi wajen rubuta kiɗan wani kayan kiɗa mai tsirkiyoyi da ake kira lut, wanda sunansa ya samo asali daga al-ud na Larabawa. A shekarar 1507 Ottaviano Petrucci ya buga littafin tab na lut a birnin Benis na Italiya. Italiyawa sun yi amfani da lambobi, Faransawa kuwa haruffa. A 1536 Luis Milan ya fitar da littafinsa El Maestro a Balensiya ta ƙasar Sifaniya, da tsarin da ya yi kama da na yau, wato layin sama shi ne siririyar tsirkiya.

Da intanet ta zo, masu jita suka lura cewa da madannin kwamfuta kawai, ba tare da wata manhaja ta musamman ba, za a iya zana layuka shida da alamar jan layi, a saka lambobi a ciki. Haka rumbun OLGA ya fara tara tab a 1992, har aka rufe shi a 2006 sakamakon takaddama da kamfanonin da ke riƙe da haƙƙin mallakar waƙoƙi. Shafin Ultimate Guitar, wanda ya fara a 1998, yana cikin waɗanda suka ci gaba da wannan aiki. Shi ya sa har gobe alamomin tab haruffa ne da alamomin da ke kan kowane madanni.

Wanda ya taɓa zama wurin atisayen mawaƙan coci a Sabon Gari ya san ana koyar da kiɗa da do, re, mi. Bambancin su biyun a fili yake. Do, re, mi yana faɗin sautin da ake so, ya bar makaɗi ya nemo inda yake a jikin jita. Tab kuwa yana nuna wurin kai tsaye, ko da makaɗin bai san sunan sautin ba.

Layuka shida, tsirkiyoyi shida

Kowane layi a tab yana wakiltar tsirkiya ɗaya. Ga yadda tab marar komai yake:

```
e|----------------|
B|----------------|
G|----------------|
D|----------------|
A|----------------|
E|----------------|
```

A nan ne mafi yawan masu koyo ke yin tuntuɓen farko. Idan mutum ya rungumi jita, tsirkiyar da ta fi kauri ita ce a sama, kusa da haɓarsa. A tab kuwa akasin haka ne: layin sama, mai ƙaramin e, shi ne siririyar tsirkiya da ke kusa da gwiwa, layin ƙasa mai babban E shi ne kakkaura. Wanda ya juya wannan tsari zai yi ta bin lambobi daidai amma sautin ya fito bambaraƙwai.

Hanyar tunawa mai sauƙi ita ce a kwantar da jita a cinya, tsirkiyoyi na kallon sama, wuyanta a hagu. Abin da ido ya gani a lokacin shi ne tab: kakkaura a kusa da jiki, wato ƙasa, siririya a nesa, wato sama. Ana ƙirga tsirkiyoyin daga siririya: e ita ce ta 1, B ta 2, G ta 3, D ta 4, A ta 5, E ta 6.

Kafin komai a ƙirga layukan. Idan huɗu ne masu haruffan G, D, A, E, to tab ɗin jitar bes ne, ba na jita mai tsirkiya shida ba.

Lambobi: gaɓa ce, ba yatsa ba

Wuyan jita a rarrabe yake da 'yan sandunan ƙarfe, kamar yadda rake yake da gaɓoɓi. Kowace gaɓa, wadda masu jita ke kira firet, tana da lamba, ana farawa daga can kan jita inda maɗauran tsirkiya suke. Lambar da ke kan layi tana nufin gaɓar da za a danna a wannan tsirkiya.

- 0 na nufin a kaɗa tsirkiya a sake, ba tare da an danna komai ba.
- 1 na nufin gaɓa ta farko, 3 gaɓa ta uku, haka har gaba.
- 12 a haɗe gaɓa ta goma sha biyu ce. Idan 1 da 2 ake nufi, za a raba su da jan layi: 1-2.

Lambar ba ta nufin yatsa. Ganin 3 ba ya nufin a yi amfani da yatsa na uku. Kuma ana danna tsirkiya ne dab da bayan sandar ƙarfen, ba a kanta ba, domin sauti ya fita tas ba ƙarar zuzu. Yawancin jita suna da ɗigo a gaɓa ta 3, 5, 7, 9, da ɗigo biyu a ta 12, don kada a tsaya ƙirge. A gaɓa ta 12 tsirkiya ta rabu gida biyu daidai, shi ya sa sautinta yake zama irin na tsirkiyar a sake, sai dai ya fi shi tsini.

Ana karanta tab daga hagu zuwa dama kamar rubutun boko. Lambobin da ke bin juna ana kaɗa su ɗaya bayan ɗaya:

```
e|--------0--1--3--|
B|--1--3-----------|
G|-----------------|
D|-----------------|
A|-----------------|
E|-----------------|
```

Lambobin da suka hau kan juna a tsaye kuwa ana kaɗa su lokaci guda. Wannan shi ne haɗin sauti, wanda masu jita ke kira kod:

```
e|--0----0--|
B|--0----1--|
G|--0----2--|
D|--2----2--|
A|--2----0--|
E|--0----x--|
```

Na farko shi ne Em, na biyu Am. Wani lokaci akan rubuta kod a layi ɗaya a kwance, misali 022000 ko x02210. A irin wannan rubutu lamba ta farko ta kakkaurar tsirkiya ce, ta ƙarshe ta siririya.

A duba saman shafi kafin a fara

Kamar yadda ake duba takardar magani kafin a sha, haka ake duba 'yan bayanan da ke saman tab. Abu biyu suka fi muhimmanci.

Na farko shi ne saitin tsirkiyoyi. Saitin da aka saba shi ne E A D G B E, daga kakkaura zuwa siririya. Idan an rubuta Eb, ana nufin a sassauta dukkan tsirkiyoyi da gwargwadon gaɓa ɗaya. Idan an rubuta Drop D, kakkaurar tsirkiya kaɗai za a sassauta daga E zuwa D. Wanda bai lura da wannan ba zai kaɗa lambobi daidai, amma kiɗansa ba zai hau kan waƙar ba.

Manhajar saiti irin GuitarTuna tana amfani da makirfon waya ta auna sautin tsirkiya, ta nuna ko a ƙara ɗaurewa ko a sassauta. Kakkaurar E tana kaɗawa kusan sau 82 a daƙiƙa, siririyar e kusan sau 330. Tunda makirfo na kwasar duk hayaniyar da ke kusa, gara a yi saiti nesa da janareta da fanka. A lokacin hunturun Zariya busasshiyar iska na sa katakon jita ya tsuke, saiti ya riƙa gocewa, don haka a duba shi duk lokacin da za a fara.

Na biyu shi ne kafo, wato matsewar da ake maƙala wa wuyan jita ta danne dukkan tsirkiyoyi a gaɓa ɗaya. Idan an rubuta Capo 2, a maƙala ta a gaɓa ta biyu. A yawancin tab ana ƙirga lambobi ne daga inda kafo yake: 0 ta zama tsirkiyar da kafo ya danne, 1 ta zama gaɓar da ke binsa.

Alamomin da ke haɗa sauti biyu

Waɗannan alamomi su ke sa kiɗa ya yi santsi maimakon ya riƙa fita ɗaiɗai. A yawancinsu bugu ɗaya ake yi da hannun kaɗi, sauti na biyu hannun da ke wuyan jita ne ke fitar da shi.

- h, misali 5h7. Harafin ya fito daga kalmar Turanci mai nufin guduma. A danna gaɓa ta 5 da manuni, a kaɗa, sannan a sauke yatsan zobe da ƙarfi a gaɓa ta 7 ba tare da an sake kaɗawa ba. Saurin saukar yatsa ke fitar da sautin, ba yawan matsi ba.
- p, misali 7p5. Kishiyar ta farko ce. A ɗora yatsu biyu tun farko, ɗaya a 5 ɗaya a 7, a kaɗa, sannan a fizge na 7 zuwa ƙasa kaɗan kamar ana tsinkar tsirkiyar da shi. Idan ɗaga yatsan kawai aka yi, sautin zai mutu.
- /, misali 5/7. A kaɗa gaɓa ta 5, a zame da yatsan nan zuwa ta 7 ba tare da an sassauta matsi ba.
- \\, misali 7\5. Zamiya ce ta komawa baya. Wasu kan rubuta s a madadin waɗannan alamomi biyu.
- t, misali t12. A nan hannun kaɗi ne ke barin aikinsa ya je ya ƙwanƙwasa gaɓar da kan yatsa. An fi yin sa a jitar lantarki.

Ana iya jera su, misali 5h7p5: bugu ɗaya, sauti uku. Wanda ya saurari makaɗan jitar Abzinawa irin su Bombino na Agadez da Mdou Moctar ya ji h da p suna zuba kamar ruwan sama. Wannan sauri da ke sa a zaci ana kaɗa kowane sauti daban, yawancinsa aikin hannun da ke wuyan jita ne.

Alamomin da ke lanƙwasa sauti

- b, misali 7b9. A danna gaɓa ta 7, a kaɗa, a tura tsirkiyar sama ta gefe har sautinta ya kai na gaɓa ta 9. Yatsa ba ya barin gaɓa ta 7. Lambar 9 sautin da ake nema ce kawai, ba wurin zuwa ba. A tab mai zane akan sa kibiya mai lanƙwasa da kalmar full, ma'ana tazarar gaɓa biyu, ko 1/2, ma'ana gaɓa ɗaya.
- r, misali 7b9r7. Bayan an tura, a dawo da tsirkiyar mazauninta a hankali tana ci gaba da amo.
- ~, misali 7~. A riƙa girgiza tsirkiyar kaɗan-kaɗan don sautin ya yi rawa, irin rawar da muryar goge ke yi idan an ja ta. Wasu kan rubuta v.

Dabarar koyon b ita ce a fara kaɗa gaɓa ta 9 a saurara, sannan a koma ta 7 a tura har kunne ya ji sun zama ɗaya. Manhajar saiti mai gane kowane sauti na iya zama alƙali a nan. A tallafa wa yatsan zobe da yatsu biyun da ke bayansa. A jitar lantarki abin ya fi sauƙi saboda tsirkiyoyinta sun fi laushi. A jitar katako mai kakkauran tsirkiyoyin ƙarfe yana cin yatsu, don haka a fara da tazarar gaɓa ɗaya, kada a tsinka tsirkiya a koma kasuwa.

Alamomin da ke kashe sauti ko rage shi

- x a kan layi. A taɓa tsirkiyar ba tare da an danna ta ba, a kaɗa, ta ba da ƙaramar ƙara kamar bugun kalangu a toshe. A cikin kod kuwa, kamar Am na sama, x na nufin kada wannan tsirkiya ta yi amo.
- PM da ɗige-ɗige a sama ko ƙasan layuka. A ɗora gefen tafin hannun kaɗi a kan tsirkiyoyi dab da inda suka ƙare a cikin jita, sautin ya fito a dakushe. Ana ci gaba da haka har inda ɗigon ya tsaya.
- Lamba a cikin baka, misali (5). Tana da ma'ana biyu: ko a kaɗa a hankali kamar raɗa, ko sautin baya ne ke ci gaba da amo ba a sake kaɗa shi ba. Sauraron waƙar ne zai raba gardama.
- <12>. A ɗora yatsa sama-sama daidai kan sandar ƙarfe ta 12 ba tare da dannawa ba, a kaɗa, a ɗage. Sauti mai kama da ƙararrawa zai fito. Ya fi fita a 12, 7 da 5.

Akwai kuma alamomin hannun kaɗi. D ko alama mai kama da ƙofa marar ƙasa na nufin bugu zuwa ƙasa, U ko V na nufin bugu zuwa sama.

Tunda mutane daban-daban ne ke rubuta tab, babu hukumar da ta tsayar da ƙa'ida guda. Marubuci mai kula yakan sa jerin ma'anar alamominsa a sama ko ƙasan shafi. Idan akwai shi, shi za a bi.

Abin da tab ke ɓoyewa: lokaci

Mutum biyu na iya kaɗa lambobi iri ɗaya, na farko a gane waƙar nan take, na biyu a rasa me yake yi. Bambancin lokaci ne. Tab na rubutu zalla yana ba da 'yan alamu kawai:

- Tsayayyen layi | yana raba kiɗa gida-gida, yawanci bugu huɗu a kowane gida.
- Tazara mai faɗi tsakanin lambobi na nuna jinkiri, matsattsiya na nuna sauri, amma kintace ne ba awo ba.
- x2 ko x4 a ƙarshen layuka na nufin a maimaita sau biyu ko huɗu. Kada a rikita shi da x na kan tsirkiya.
- Wasu kan jera haruffa w, h, q, e, s a saman layuka: w bugu huɗu, h bugu biyu, q bugu ɗaya, e rabin bugu, s rubu'in bugu. Wannan h na sama daban yake da h na tsakanin lambobi.
- Lamba mai BPM na nuna yawan bugu a minti. 60 BPM bugu ɗaya ne a kowace daƙiƙa.

A nan waya ke cike giɓin. YouTube yana da wurin rage saurin bidiyo zuwa 0.75 ko 0.5 ba tare da sautin ya sauka ba. Manhajar ƙirga bugu, wato metronom, kyauta ce a Play Store, kuma Google ma yana da ita a shafin bincike. Songsterr yana kaɗa tab da kansa, wani layi na tafiya a kan lambobin yana nuna inda aka kai. TuxGuitar manhaja ce ta kyauta da ke buɗe fayilolin Guitar Pro, waɗanda ke ɗauke da cikakken lokaci a rubuce. Wasu daga cikin manhajojin tab suna ɓoye muhimman abubuwa sai an biya, kuma gwajin kyauta kan rikiɗe ya zama biyan wata-wata. Kafin a saka bayanan katin banki a karanta sharaɗin, a kuma san inda ake soke shi.

Tsarin da ya fi aiki shi ne: a saurari waƙar har a iya rera sashen da baki, a duba tab a gano wuraren, a kaɗa a rabin sauri, sannan a riƙa ƙara sauri kaɗan-kaɗan. Wanda bai iya rera abu ba, da wuya ya kaɗa shi daidai.

Me ya sa tab ke wargajewa a waya?

Sau da yawa laifin ba na mai koyo ba ne, na fuskar waya ne. An ƙirƙiri tab na rubutu da nau'in haruffan da kowannensu ke da faɗi ɗaya. A rubutun da waya ta saba nunawa jan layi ya fi lamba sirantaka, sai layukan su goce, lambobin da ya kamata su hau kan juna su rabu. Ga matsalolin da aka fi gani da maganinsu:

1. Layi ya karye ya sauko ƙasa. Fuskar waya ta yi wa tab ƙunci. A kunna juyawar fuska a kwantar da wayar, ko a rage girman rubutu.
2. Tab da aka turo ta WhatsApp ya karkace. A sa alamar ` sau uku a farkon saƙon da sau uku a ƙarshe. WhatsApp zai mayar da shi rubutu mai faɗi ɗaya, layuka su daidaita.
3. Alamar ~ ta ɓace. WhatsApp na amfani da ita wajen soke rubutu, kamar yadda yake amfani da tauraro wajen kaurara shi. Idan biyu suka haɗu a layi, suna iya ɓacewa. Maganin na biyu ya magance wannan ma.
4. Jan layi biyu sun haɗe sun zama dogo ɗaya. Madannin iPhone na yin haka da kansa. A kashe Smart Punctuation a saitin madanni.
5. Data ta ƙare ko sabis ya ɗauke. A ɗauki hoton fuskar waya tun ana da data, a tara a jaka guda. Hoto ba ya karkacewa, kuma shi ya fi dacewa a tura wa aboki.

Haka kuma ba kowane tab ne daidai ba, domin yawanci masu sha'awa ne suka rubuta da kunnensu. Waƙa ɗaya na iya samun tab biyar a Ultimate Guitar. A duba mai yawan taurari da yawan masu zaɓe, a gwada shi da waƙar. Idan kunne ya ce akwai kuskure bayan an tabbatar da saiti da kafo, sau da yawa kunnen ne da gaskiya.

Atisaye na minti goma

Ga gajeren atisaye da ya haɗa alamomi huɗu. Lambobin sama bugu ne. Manuni na kula da gaɓa ta 5, yatsan zobe ta 7.

```
   1   2   3   4     1   2   3   4
e|-----------------|-----------------|
B|-----------------|-----------------|
G|-----5---5h7-5---|-7p5-------------|
D|-5h7-------------|-----7---5/7~~~~-|
A|-----------------|-----------------|
E|-----------------|-----------------|
```

A saita metronom a 60. A fara karanta shi da baki: tsirkiya ta huɗu, biyar guduma bakwai, ta uku, biyar, haka har ƙarshe. Sannan a kaɗa gida na farko shi kaɗai har ya zauna, a ƙara na biyu. A zamiyar ƙarshe yatsa ɗaya ne zai tashi daga 5 ya isa 7, ya tsaya can yana girgiza. Idan an yi sau biyar a jere ba kuskure, a ƙara sauri zuwa 66. A ɗauki kiɗan da rikodar waya a saurara, domin abin da kunne ya kasa kamawa ana cikin kaɗawa yakan fito fili a rikodin. Kan yatsu zai yi zafi a makonnin farko kafin ya yi kanta. Minti goma kullum ya fi awa biyu ranar Asabar kaɗai.

Waƙoƙin gida da ba su da tab

Mai koyo zai lura da wani abu da wuri: waƙoƙin Amurka da Ingila suna da tab birjik, na gida kuwa sai an tona. Ba don babu tarihin kiɗan zamani a nan ba ne. Bongos Ikwue ya kafa ƙungiyar UniBello Brothers lokacin yana ɗalibi a Jami'ar Ahmadu Bello. Bala Miller, wanda gidansu ke Zariya, ya jagoranci babbar ƙungiyar kiɗa a Kaduna a shekarun 1970. Mdou Moctar ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008, waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin memori kafin duniya ta san shi. Kafin su duka akwai kuntigin Ɗan Maraya Jos mai tsirkiya ɗaya, da gurmin Haruna Uji, da garaya da molo, waɗanda aka gada ta kunne da kallon hannun maigida.

Wanda ya iya karanta tab ya iya rubuta shi. Abin da ake buƙata shi ne manhajar rubutu a waya, ko takarda mai layi da biro. A zaɓi ɗan gajeren sashe, a rage saurinsa, a nemi sautin farko a tsirkiya ɗaya, a rubuta lambar, a nemi na biyu. Kiɗan gargajiya da dama na wannan yanki yana tafiya ne a kan sautuka biyar, don haka gaɓoɓin 5 da 7 na atisayen sama, tare da 5 da 8 a tsirkiya ta 1, ta 2 da ta 6, wuri ne mai kyau na fara nema. Kayan kiɗa irin su goge da gurmi ba su da sandunan ƙarfe a wuya, saboda haka wani sautin nasu yakan faɗo tsakanin gaɓa biyu na jita. A irin wannan wuri ƙaramin b ko zamiya ke kusantar da shi.

Idan an gama, a rubuta saiti da kafo da BPM a sama, a sa ma'anar alamomi a ƙasa, a ambaci sunan mai waƙar. Sannan a ɗauki hotonsa, a haɗa da gajeren saƙon murya na yadda yake fita, a tura wa abokin atisaye. Da rubutun da sautin a hannunsa, zai zo wurin haɗuwa ya riga ya san inda yatsunsa za su sauka da lokacin da za su sauka.